Cody ko Jackson: A Ina Za Ka Sauke Iyali Idan Za Ku Hutun Bazara a Yellowstone?

Duk wanda ke zaune a Amurka, ɗalibi ne ko ma'aikacin asibiti ko direban babbar mota, in Allah ya hore masa hutun mako guda tsakanin Yuni da Agusta ya ce bari ya kai iyali gandun dajin Yellowstone, tambayar farko da za ta tare shi ita ce ta masauki. Ɗakunan kwanan da ke cikin gandun kansa ba su da yawa, kuma tun watanni kafin bazara ake kame su. Shi ya sa yawancin baƙi ke sauka a ƙananan garuruwan da ke bakin ƙofofinsa. A jihar Wyoming biyu ne suka fi suna: Cody ta gabas, Jackson ta kudu.

In a takarda ka duba su, sai ka ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ƙidayar 2020 ta ba kowacce mutum dubu goma da ɗoriya. Kowacce tana sayar da malafar kaboyi da takalmin fata mai dogon wuya, kowacce tana da filin wasan dawaki da shanu, kowacce tana shirya wa baƙi wasan kwaikwayon harbe-harbe a kan titi da yamma. Amma wanda ya zaɓa da ka zai iya kashe kuɗin wata biyu a wurin da bai dace da shi ba. Bambancinsu a wurina ɗaya ne, sauran duk rassansa ne: abin kallon Cody yana cikin gari, kuma da yamma yake fitowa, na Jackson yana wajen gari, kuma sai mai sammako ke samunsa.

Mu fara da Cody, don ita ce aka fi rainawa.

Garin ya ci sunan William F. Cody, wanda duniya ta fi sani da Buffalo Bill. An haife shi a 1846, ya samu laƙabinsa ne daga harbin ɓaunar Amurka da yake yi don ciyar da leburorin da ke shimfiɗa layin dogo, daga baya a 1883 ya kafa ayarin wasan dawaki da harbi da ya zagaya Amurka da Turai da shi, har ya yi wasa a gaban Sarauniya Victoria a Landan a 1887. Shi da abokan kasuwancinsa suka kafa garin a 1896. Wato tun ranar da aka aza harsashinsa, mai nuna wasa ne ya tsara shi, kuma har gobe garin bai bar sana'ar ubangidansa ba. Otal ɗin Irma da ya gina a 1902, ya sa masa sunan 'yarsa, yana nan a tsakiyar babban titi ana kwana ana cin abinci a ciki.

Babban abin da Cody ta fi Jackson da shi shi ne rodeyo, wasan makiyayan yammacin Amurka. Tun 1938 ake yin na dare a garin, kuma kullum ne, daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta, da ƙarfe takwas. Kullum ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga matafiyi. Duk daren da ka iso akwai wasa, ba sai ka murɗa tafiyarka ta dace da wata rana ba. Jackson ma tana da nata daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, amma Laraba da Asabar ne, sai ƙarin Juma'a a tsakiyar bazara. In ka kwana Lahadi da Litinin da Talata a can, ka tafi ba ka gani ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. A buɗe wani matsattsen keji a sako doki mai tutsu, mutum na bisansa, hannu ɗaya a igiya ɗaya a sama. Dokin ya yi ta tsalle yana harbin iska. In mahayin ya yi daƙiƙa takwas bai faɗo ba, bai kuma taɓa dokin da hannun da ke sama ba, alƙalai su ba shi maki, rabi don gwanintarsa rabi don tsananin tutsun dabbar. Haka ake yi da bijimi, wanda shi ne ake ajiyewa ƙarshe domin ya fi haɗari. Akwai masu jifan maraƙi da igiya mai zarge daga kan doki a guje, akwai mata da ke sukuwa suna kewaya duro uku, wadda ta fi sauri ba ta tunkuɗe ko ɗaya ba ita ta ci. Sai wanda zai tuna wa Bahaushe hawan ƙahon mahauta: mahayi ya biyo ɗan sa a guje, ya diro daga kan dokinsa ya cafki ƙahoni, ya murɗe wuya har sai dabbar ta kwanta. A tsakiyar shirin ana kiran yaran 'yan kallo su shigo fili su bi maruƙa suna ƙoƙarin cire ƙyallen da aka ɗaura musu a wutsiya. Wannan 'yan mintocin yara ba sa manta su.

Ba komai ne a wasan zai yi wa kowa daɗi ba. Yadda igiya ke fizgar wuyan maraƙi yana cikin gudu abu ne da masu kare hakkin dabbobi suka daɗe suna suka, kuma ni ma ina ganin sukar tana da tushe. Wanda ke da yaro mai tausayin dabba ya shirya masa zuciya tun a mota.

Wasan kowane dare yawanci na matasa ne da masu neman suna. Manyan gwanaye suna zuwa ne a Cody Stampede, wanda ake yi tun 1919 daga 1 zuwa 4 ga Yuli, a makon bikin 'yancin kan Amurka, da jerin gwanon dawaki da kekunan doki a babban titi da wasan wuta da dare. A waɗannan kwanaki huɗu garin yana cika maƙil, kuɗin ɗaki yana tashi, tikiti yana ƙarewa. In nan ka nufa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun sanyi bai wuce ba ake kama masauki.

Da rana kuma akwai Buffalo Bill Center of the West, gidajen tarihi biyar a ƙarƙashin rufi ɗaya: na rayuwar Buffalo Bill, na ƙabilun asali mazauna filayen yamma, na zane-zane, na dabbobi da tsirran yankin Yellowstone, da na bindigogi, inda aka tara dubbai. Garin mutum dubu goma bai saba mallakar irin wannan ba, kuma wuni guda ba ya isa a gama shi. In lokaci ya ƙure, biyu zan ce a shiga. Na dabbobi, don yara su san abin da za su gani a daji kafin su gan shi, har da tsuntsayen farauta masu rai da ake fito da su. Sai na ƙabilun asali, irin su Crow da Shoshone da Lakota da Cheyenne, domin shi ne ke gyara labarin da finafinan kaboyi suka cusa wa da yawa daga cikinmu tun muna yara, inda kullum mai fuka-fuki a ka shi ne mugu. A nan za ka ga tantunansu na fata, da aikin duwatsun ado a jikin riguna da kayan doki, ka kuma fahimci abin da ƙarewar ɓauna ta yi musu. Dabbar da take miliyoyi barkatai a farkon ƙarni na 19 ta koma 'yan ɗaruruwa kafin ƙarshensa, kuma a kanta abincinsu da suturarsu da matsuguninsu suka dogara. Shi kansa mai garin yana cikin maharban. Wannan sai a faɗa wa yara, kada a bar su da malafa da bindigar roba kawai.

Akwai wani wuri kuma tsakanin Cody da garin Powell da baƙi da yawa ke wucewa ba su tsaya ba, ni kuwa ina ganin ya fi wasu manyan wuraren kallo nauyi. Sunansa Heart Mountain. A 1942, bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, gwamnatin Amurka ta kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yamma ta tsare su a sansanoni, alhali kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka. Ɗaya daga cikin sansanonin yana nan. Sama da mutum dubu goma aka cusa a ɗakunan katako a lokaci guda, har wurin ya zama na uku a yawan jama'a a duk jihar, kuma ba a rufe shi ba sai 1945. A can wani yaro ɗan tsare, Norman Mineta, ya haɗu da wani yaro ɗan Cody, Alan Simpson, a taron 'yan sikawut. Daga baya ɗaya ya zama ɗan majalisar wakilai kuma minista, ɗayan sanata, kuma dukansu sun tsaya wa dokar 1988 wadda gwamnati ta nemi afuwa a cikinta ta biya kowane wanda ya rage a raye dala 20,000. An buɗe cibiyar tarihi a wurin a 2011. Duk baƙon da ke renon 'ya'ya a Amurka, masu fasfo ɗin ƙasar amma da suna da kamanni na wani wuri, ya kamata ya ba wurin nan awa biyu.

Sauran abubuwan Cody a taƙaice: madatsar ruwa ta Buffalo Bill, kilomita goma yamma da gari a kan kogin Shoshone, wadda da aka gama ta a 1910 tsayinta ya kai mita 99, babu kamarta a duniya a lokacin, Old Trail Town, inda aka tattaro tsofaffin bukkokin katako na ƙarni na 19, da dawakin jeji da ke yawo ba mai su a tsaunukan McCullough gabas da gari. Wanda hutunsa ya faɗo tsakiyar Agusta kuma yana son doki da gaske, tafiyar awa uku zuwa Crow Agency a jihar Montana za ta kai shi bikin shekara na ƙabilar Crow, inda ake kafa tantuna rututu, ana fitowa jerin gwano da safe a kan dawakin da aka yi wa ado, ana tseren da mahayi ke sauya doki ba sirdi.

Yanzu Jackson.

Abin da Jackson ke da shi, Cody ba ta da irinsa kuma ba za ta taɓa samu ba: tsaunukan Teton. Kimanin kilomita ashirin daga gari ka isa ƙofar shiga gandun Grand Teton, gandu na daban da Yellowstone, wanda aka kafa a 1929 aka faɗaɗa a 1950 da filayen da attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya saye ya bayar. Tsaunukan nan ba su da 'yan tuddai a gabansu da za su tare ido. Daga shimfiɗaɗɗen kwari suke miƙewa tsaye, mafi tsayinsu mita 4,199, da ragowar dusar ƙanƙara a kansu har cikin Yuli, tafkuna masu ruwa garai-garai a gindinsu. Hoto ba ya ɗaukar girman abin. Gani ya kori ji.

Amma sai an tashi da wuri. Tafkin Jenny, inda ake shiga ƙaramin jirgin ruwa a tsallaka a taka zuwa wani magangarin ruwa da ke ɓoye cikin itatuwa, wurin ajiye motarsa yana cika tun hantsi bai yi ba. Dabbobi ma da sassafe da gab da magariba suke fitowa, a lanƙwasar kogin Snake da ake kira Oxbow Bend da kewayen tsofaffin rumbunan katako na Mormon Row. Wanda ya saba fita daga sallar asuba ya yi dace a nan. Iyalin da sai ƙarfe goma suke gama shirya yara kuwa za su biya kuɗin Jackson su samu cunkoson mota.

Ga wanda ba zai iya hawan dutse da ƙafa ba, a Teton Village, wani ƙauyen baƙi kusa da Jackson, akwai wani babban akwati mai ɗaukar mutum ɗari da ke tafiya a jikin waya, ya ɗaga ku sama da mita 1,200 cikin 'yan mintoci ya ajiye ku a kan tsaunin Rendezvous, mita 3,185 daga doron teku. A can sama iska tana da sanyi ko a tsakiyar bazara, numfashi kuma yana yin gajere. Mai ciwon zuciya ko dattijo ya yi shawara da likita tukuna. Akwai shiga kwalekwalen roba a kogin Snake iri biyu: mai natsuwa a cikin gandu, na kallon tsaunuka da gaggafa, wanda ya dace da yara da iyaye mata, da mai tsalle-tsalle a kwazazzabon kudu da gari, na matasa masu son jiƙewa.

A cikin garin kansa abin kallo bai kai na Cody ba. Akwai dandalin tsakiya mai ƙofofi huɗu da aka gina da ƙahonin elk, wata babbar barewa da ke zubar da ƙahonta kowace shekara. Kowa yana ɗaukar hoto a nan, minti ashirin an gama. Dubban elk ɗin da ake ba da labarinsu a mafakar da aka keɓe musu tun 1912 a gefen gari, da hunturu suke saukowa. Da bazara sun hau tsauni, filin wayam za ka tarar. Akwai gidan zane-zanen namun daji mai kyau a arewacin gari, da bikin kiɗan gargajiyar Turawa da ake yi tun 1962 a Yuli da Agusta, da bajekolin gunduma a ƙarshen Yuli. Sauran titunan shagunan zane ne da na kayan ado masu tsada, da wuraren cin abinci, da mashaya. Wanda ba ya shiga mashaya kuma bai zo sayen zanen dala dubbai ba, da dare ba shi da abin yi sosai a Jackson in ba ranar rodeyo ba ce.

Nan muka zo batun kuɗi, wanda shi ke yanke hukunci ga yawancinmu. Gundumar Teton, inda Jackson take, tana sahun gaba a duk Amurka wajen yawan kuɗin shigar mutum ɗaya. Wyoming ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, kuma kusan duk ƙasar gundumar ta gwamnati ce da ba a gini a kanta, sai attajirai suka yi rububin ɗan abin da ya rage. A nan ne ma, a masaukin Jackson Lake Lodge, shugabannin manyan bankunan ƙasashe ke taronsu na shekara a ƙarshen Agusta tun 1982. Sakamakon haka, masu dafa abinci da masu gyara ɗakunan otal da yawa ba sa iya zama a garin. Daga Victor da Driggs na jihar Idaho suke ketaro tsauni kullum, kuma da wani ɓangare na hanyar ya zaftare a Yunin 2024 garin ya ji a jikinsa. Ɗakin da ba wani abin a zo a gani ba a Jackson a watan Yuli, kuɗinsa yakan kama maka ɗaki mai kyau a Cody har ka yi ragi. Abinci ma haka. Jackson gari ne na iya kuɗinka iya shagalinka. Mai son tsaunukan da aljihu bai kai ba yana iya bin sawun ma'aikatan ya kwana a Idaho, amma ya lissafa da kusan awa guda ta hawa da gangara a hanya mai lanƙwasa, safe da yamma.

Ta wajen isa, Jackson ta fi sauƙi. Filin jirginta yana cikin gandun Grand Teton, shi kaɗai ne filin jiragen fasinja da ke cikin irin wannan gandu a Amurka, kuma da bazara jirage na zuwa kai tsaye daga manyan birane da dama. Na Cody ƙarami ne, ta Denver ake biyowa. Masu neman sauƙi sukan sauka a Billings ta Montana su yi tuƙin kilomita 170 zuwa Cody, ko a Salt Lake City su yi kusan awa biyar zuwa Jackson. Ko ta ina ka biyo, motar haya dole ce. Wyoming ita ce jiha mafi ƙarancin jama'a a Amurka, ba ta kai mutum 600,000 ba, kuma akwai inda za ka yi tafiya mai nisa babu gidan mai babu sabis ɗin waya. A cika tanki, a sauke taswira a waya tun a gari.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa garuruwan suna “bakin” Yellowstone. Daga Cody zuwa ƙofar gabas kilomita 84 ne, daga Jackson zuwa ƙofar kudu kimanin 90, kuma daga ƙofa zuwa wuraren kallo akwai sauran tafiya, a hanyar da garken ɓauna kan tsaya a tsakiyarta ba mai ikon kora. Old Faithful, maɓuɓɓugar da ke feso tafasasshen ruwa sama kusan kowace awa ɗaya da rabi, ta ɗan fi kusa da Jackson. Daga Cody a ware awa uku. Su kuma kwarin Hayden da kwarin Lamar, inda ɓauna suka fi yawa kuma inda ake hango kyarketan da aka dawo da su gandun a 1995, sun fi dacewa da mai fitowa daga Cody. Hanyar Lamar daga Cody ma ita kanta abin kallo ce, tana bin sawun da Chief Joseph ya bi da mutanensa 'yan ƙabilar Nez Perce a 1877 sojoji na biye da su. Mai fitowa daga Jackson zai ratsa gandu biyu, kowanne da kuɗin shigarsa, don haka ya duba ko katin shekara mai shiga duk gandayen ƙasa zai fi masa riba. Tun farkon 2026 kuma an ɗora wa waɗanda ba mazauna Amurka ba ƙarin kuɗi mai nauyi a gandayen nan biyu. Mai zuwa da iyaye ko surukai da suka kawo ziyara daga gida ya sa wannan a lissafi.

Dokar dabbobi ɗaya ce a duka: mita 23 tsakaninka da ɓauna ko elk, mita 91 tsakaninka da beyar (wata ƙatuwar dabba mai gashi da faratai) ko kyarkeci. Ɓauna tana kama da saniya mai sanyin hali, amma ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba, kuma kusan kowace bazara sai ta soki wani mai neman hoto. Mu da muka saba ratsa garken shanu ba fargaba, mu ne ya kamata mu fi kiyayewa. Mai shiga daji da ƙafa ya sayi feshin korar beyar, ana sayar da shi a garuruwan biyu.

Batun ci da ibada kuwa, babu wadda ta fi wata sosai. Musulmi 'yan kaɗan ne a Wyoming, kada ka sa ran jin kiran salla ko samun mahaucin halal a kan titi. Naman alade yana cikin karin kumallo kusan ko'ina, yakan kuma ɓuya a cikin dafaffen waken da ake bayarwa a liyafar kaboyi, sai an tambaya. Kifin kogi yana da kyau kuma ana samunsa. Dabarar da ta fi ita ce a kama ɗaki mai wurin girki, a sayo nama a shagunan halal na Salt Lake City ko Denver in ta can aka biyo, a zuba a kula da ƙanƙara. A nan Cody ta ɗan yi gaba, don tana da Walmart kuma cefane ya fi araha. Rana tana da tsawo: a ƙarshen Yuni sai wajen ƙarfe tara take faɗuwa, wato magariba za ta riske ka a tsakiyar rodeyo, asuba kuma tana shigowa da wuri ƙwarai. Sauƙin da aka yi wa matafiyi na haɗa salloli yana da amfani a nan. A riƙe darduma a mota, fili dai ba ya ƙarewa.

Baƙar fata ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na mutanen jihar ba, don haka za a kalle ku, musamman mai hijabi. Jackson ta fi cakuɗuwa, tana da baƙi daga ko'ina da ma'aikata 'yan asalin Meziko masu yawa. Cody gari ne na makiyaya da manoma masu ra'ayin riƙau, inda ganin mutum da bindiga a ƙugu ba abin mamaki ba ne. Amma dukansu da baƙi suke ci, kuma sun saba da su.

Yanayi: Cody tana ƙasa, mita 1,500, ta fi zafi da bushewa da iska. Jackson tana mita 1,900, da rana daɗi, amma da asuba sanyi yakan sauka kusan digiri biyar ko a Yuli. Rigar sanyi dole ce. A watan Agusta hayaƙin gobarar daji yakan rufe sararin yankin a wasu shekarun, kuma Jackson ce ta fi asara in haka ta faru, domin tsaunin da ka biya kuɗi don ka gani shi ne ke ɓacewa. Gidan tarihi da filin rodeyo ba ruwansu da hazo.

To wa zai sauka ina? Mai iyali da yara ƙanana, mai lissafa kuɗinsa, mai son doki da tarihi, mai tafiya da dattijon da ba zai iya doguwar tafiyar ƙafa ba, Cody ce tasa, kuma ita nake ba yawancin masu zuwan farko shawara. Kwana uku a can za su cika ba tare da an tilasta wa kowa tashin asuba ba, kuma in an gaji da mota akwai abin yi a cikin gari. Ma'aurata ko abokai matasa masu ƙarfin ƙafa, masu ɗaukar hoto, waɗanda dutse da ruwa suka kawo su ba wasa ba, su daure su biya kuɗin Jackson, ko su kwana a Idaho. In suka sauka a Cody za su yi ta tuƙi suna neman abin da ke wancan gefen.

Mai mako cikakke ba sai ya bar ɗaya ba. Tsakanin garuruwan biyu ta cikin Yellowstone kimanin kilomita 285 ne, awa biyar in ba a tsaya ba, wuni guda in ana tsayawa kallo, kuma tsayawar ita ce amfanin hanyar. Ni zan ba Cody yawancin kwanakin, in ratsa gandun a rana guda, in ba Jackson dare biyu a ƙarshe, a daidaita su da ranar da sama take garau. Sai dai a tambayi kamfanin motar haya tun farko, don mayar da mota a wani gari daban da inda aka ɗauke ta yana da nasa caji.

Wanda hutunsa bai samu ba sai Satumba, lissafin ya juya. An rufe rodeyon Cody tun 31 ga Agusta, yaran makaranta sun koma, cunkoso ya ragu, itatuwan kwarin Jackson suna rikiɗewa ruwan ɗorawa a ƙarshen watan, elk suna saukowa kusa suna kukan barbara. A wannan lokacin Jackson ce ta fi. Sai dai kada a ja abin ya yi nisa, domin dusar ƙanƙara kan fara sauka a manyan hanyoyin tsauni tun Oktoba, kuma a farkon Nuwamba ake rufe yawancin titunan Yellowstone ga motoci, har da ƙofar gabas da ta kudu.